Ikko a Kan Keke: Tarihin da Ke Kwance a Titunan Tsibirin Legas

Akwai mutanenmu da suka shekara ashirin a Legas, sun san Agege lungu-lungu, sun san Alaba Rago da Mile 12 da Idi-Araba, amma in ka tambaye su inda fadar sarkin garin take sai su yi shiru. Ba laifinsu ba ne. Legas gari ne da ake ratsa shi a matse cikin danfo, hannu a kan aljihu, hankali a kan agogo. Wanda gosulo ya riƙe ba ya ɗaga kai ya karanta shekarar da magini ya rubuta a goshin tsohon bene. Sai dai tsohon garin, tsibirin nan da fatakenmu na dā ke kira Ikko, ɗan ƙarami ne ƙwarai, kuma a shimfiɗe yake, ba hawa ba gangara. Ranar Lahadi da sassafe, kasuwar Balogun da ta Idumota suna rufe, ma'aikatan bankunan Marina suna gidajensu, mai keke zai zagaye shi kafin azahar, har ya sami lokacin shan shayi.

Keken ba don ado ba ne. Mota ba ta shiga rabin lungunan da tarihin yake, in ma ta shiga babu wurin ajiye ta. Tafiyar ƙafa kuwa, cikin zafin bakin teku mai laima, kafin ka kai gini na uku rigarka ta jiƙe sharkaf. Keke ne kaɗai ke tsayawa inda ido ya tsaya, ka sauke ƙafa ɗaya, ka duba, ka ƙara taka feda.

Ɗan Arewa ya kamata ya fara daga Iddo, don nan ne ƙofar da kakanninsa suka shigo. A nan layin dogo yake ƙarewa. An buɗe shi zuwa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, tafiyar mil kusan 700. Gyaɗar da aka tara dala-dala a Kano, da audugar Funtua da Gusau, da fatu da ƙiraga, duk ta wannan layi suka gangaro zuwa bakin ruwa. Goro da gishiri da atamfa kuma suka haura. Ba kaya kaɗai tashar ta gani ba. A ƙarshen Maris 1953, da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a gyara shi ya zama sai lokacin da ya dace, jama'ar Legas suka bi wakilan Arewa da ihu da zagi. Da wannan ɓacin rai suka hau jirgi suka koma gida, kuma cikin watan Mayu na shekarar rikici ya ɓarke a Kano. Ɗaya daga cikin abubuwan da wannan dambarwa ta haifar shi ne cire Legas daga Jihar Yamma a 1954 aka mai da ita yankin tarayya, domin Arewa ba ta yarda tashar da kayanta ke fita ta zauna a hannun jiha guda ba.

Daga Iddo sai gadar Carter, wadda aka gama a 1901 aka sa mata sunan Gwamna Gilbert Carter. An sake gina ta daga baya, don haka ƙarfen da kake kai ba na asali ba ne. Wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai hayaƙi ya riƙa bin ta yana kai fasinja cikin gari tun daga 1902. Tsaya a tsakiyarta ka dubi ruwa, don dalilin kafuwar garin gaba ɗaya yana ƙarƙashin ƙafarka. Gaɓar tekun wannan yanki doguwar rairayi ce wadda igiyar ruwa ke duka ba dare ba rana, jirgi ba ya samun mafaka. A bayan rairayin akwai jerin tafkuna da ƙoramu da kwalekwale ke bi daga Porto-Novo da Badagry har Epe da ƙasar Ijebu. A nan Legas ne wannan ruwa na ciki yake da baki buɗaɗɗe zuwa teku rani da damina. Wanda ya riƙe wannan baki ya riƙe ciniki. Masunta da manoma na ƙabilar Awori suka fara zama, daular Benin ta kafa sansani a ƙarni na 16, sarautar garin ta samo tushe daga wannan haɗuwa, Turawan Fotugal kuma suka laƙaba wa wurin sunan da ke kan taswira yau.

In ka sauka gada ka karya hagu, ka shiga Isale Eko, tsohuwar unguwa. Nan sai an sassauta. Titunan ƙanana ne, kwata a buɗe, yara na ƙwallo, mata na tuya a bakin ƙofa, ƙamshin ƙosai da ƙaurin kifi sun haɗu. Ƙararrawar keke ta fi birki amfani. A ƙarshen lungunan fadar Oba, sarkin garin, take, Iga Idunganran. Tsohon sashenta an gina shi ne da taimakon 'yan kasuwar Fotugal, sabon sashen kuwa Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ne ya buɗe shi a 1960. A watan Oktoba 2020, cikin hargitsin da ya biyo bayan zanga-zangar EndSARS, ɓata-gari sun kutsa cikinta suka kwashe kaya, har da sandar sarauta ta Oba Rilwan Akiolu.

Kada kyan ƙofar fada ya hana faɗin gaskiya. Arzikin da ya ɗaukaka wannan sarauta a farkon ƙarni na 19 na cinikin bayi ne. Rushewar daular Oyo da yaƙe-yaƙen da suka cika ƙasar daga Arewa zuwa Kudu sun samar da kamammu masu yawa, Legas kuma ta zama babbar tashar fitar da su, mafi yawa zuwa Bahia ta ƙasar Barazil. Cikinsu akwai Yarabawa, akwai Nufawa, akwai Barebari, akwai Hausawa da dama. Wanda ya tsaya a bakin ruwan Ebute Ero yana tsaye ne kusa da inda wasu 'yan Katsina da Zazzau da Gobir suka yi wa ƙasar Afirka kallon ƙarshe.

Da wannan ciniki Ingila ta fake ta shigo. Kosoko ya ƙwace sarauta daga hannun Akitoye a 1845. Akitoye ya nemi taimakon Turawa, ya yi alkawarin hana sayar da bayi. Harin farko da jakada John Beecroft ya jagoranta a Nuwamba 1851 bai yi nasara ba, mutanen Kosoko suka kora su. A ƙarshen Disamba suka dawo da jiragen yaƙi, suka yi ta ruwan igwa a kan garin har rumbun albarushi ya kama da wuta. Kosoko ya gudu Epe, aka mai da Akitoye. Bayan shekara goma, ranar 6 ga Agusta 1861, aka sa ɗan Akitoye, Oba Dosunmu, ya sa hannu ya miƙa garin ga Sarauniyar Ingila, jirgin yaƙi mai suna Prometheus yana tsaye a gaban gari. Aka yanka masa fansho na buhu 1,200 na kuɗin wuri a shekara. Masu kare Turawa sukan ce jin ƙai ya kawo su. Hana cinikin bayi alheri ne, ba mai musu, amma wanda ya zo don jin ƙai kaɗai ba ya zama ya karɓe kuɗin kwastan da cinikin manja.

Babban jarumin Kosoko ba Bayarabe ba ne. Oshodi Tapa Banufe ne, ya taso a fada tun yana yaro, ya zama sarkin yaƙi kuma wakilin ciniki. Da aka yi sulhu Kosoko ya dawo a 1862, mutanensa suka zauna a unguwar Epetedo, a gabashin tsibirin, inda har yau akwai hasumiyar tunawa da Oshodi. Mutum nawa cikin masu sauka a babbar tashar motar Oshodi kowace rana suka san sunan Banufe suke kira?

Daga Isale Eko ka biyo titin Nnamdi Azikiwe, hasumiyoyi huɗu na Babban Masallacin Legas za su tare maka ido. An buɗe shi a 1988, a gurbin wani tsoho da aka gama a 1913. Babba ne, ya kuma cika ido, amma ni wanda ya fi tsaya mini a rai ƙaraminsa ne da ke titin Martins, masallacin Shitta-Bey. Ranar kasuwa ba za ka gan shi ba sam, rumfuna da tulin kaya sun rufe shi. Ranar Lahadi sai ya fito fili: fuska mai ado da tayil, ƙofofi masu baka, 'yan ƙananan tsinkaye a saman bango, siffar da ba ta yi kama da masallatan Kano ko na Makka ba. Wanda ya biya kuɗin ginin, Muhammad Shitta, an haife shi ne a Saliyo, ɗan bayin da aka 'yanto a teku, ya yi arzikinsa a cinikin kogin Kwara. Wanda ya tsara ginin, João Baptista da Costa, daga cikin waɗanda suka dawo daga Barazil yake. Ranar buɗewa a 1894 Gwamna Carter ya halarta, Sarkin Santambul Abdulhamid na Biyu kuma ya aiko da wakili, wani lauya Bature ɗan Liverpool da ya musulunta, Abdullahi Quilliam, ya kawo wa Shitta lambar girma da sarautar Bey. Duba yawan ƙasashen da suka haɗu a ɗan wannan fili: Saliyo, Barazil, Ingila, Turkiyya, da ƙasar Yarabawa. Shitta ya rasu shekara guda bayan nan.

Labarin 'yan Barazil ɗin nan ya shafe mu fiye da yadda muke zato. A Bahia, bayi Hausawa ne suka kitsa tawayen 1807 da wasu da suka biyo baya. A Janairu 1835, cikin azumi, Musulmin birnin Salvador, mafi yawansu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi babban boren da ake kira na Male, da fararen riguna da layu a wuya. Aka murƙushe su, aka kashe wasu, aka koro wasu, aka takura wa duk wani baƙi mai 'yanci. Daga nan dawowa gaɓar Afirka ta ƙaru. Waɗanda suka sauka Legas, ana ce musu Aguda, suka zauna a kewayen dandalin Campos da titunan Bamgbose da Kakawa da Tokunboh. Sun zo da sana'ar gini da kafinta da ɗinki, sun zo da sunaye irin su da Silva da Pereira da da Rocha, wasu 'yan Katolika, wasu Musulmi. A titin Kakawa akwai gidan da ake kira Water House, na iyalan da Rocha, waɗanda suka haƙa rijiya mai ruwan daɗi suna sayarwa a lokacin da rijiyoyin gari ke da zartsi. Ruwan famfo bai iso ba sai 1915, daga Iju.

A wannan unguwa ne mai keke zai fara jin takaici. Gidajen Aguda masu tagogi dogaye da adon fulawa a saman ƙofa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ana rushewa ana kafa benayen shaguna marasa fasali. Mafi ciwo shi ne Ilojo Bar, wanda ake kuma kira Casa do Fernandez, kusa da dandalin Tinubu. An gina shi a tsakiyar ƙarni na 19, gwamnati ta ayyana shi cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. Ranar 11 ga Satumba 2016, ranar Lahadi, ana jajiberin Babbar Sallah, katafila ta baje shi ƙasa. Takardar doka ta shekara 60 ba ta tsare shi na yini ɗaya ba.

Dandalin Tinubu kansa sunan mace ne, Madam Efunroye Tinubu, 'yar kasuwa mai ƙarfin faɗa a ji a fadar Akitoye da Dosunmu. Ta yi cinikin manja da taba da makamai, ta kuma yi na bayi, abin da masu yabonta ba su cika son a ambata ba. Jakadan Ingila ya sa aka kore ta zuwa Abeokuta a 1856, can ta sami sarautar Iyalode, ta rasu a 1887.

Daga nan taki kaɗan ka fito Marina. Sunan na bakin ruwa ne, amma ruwan ya ja baya, an cike gaɓar an ɗora manyan gadoji a kai, ga kuma tashar jirgin ƙasa na zamani da ya fara jigila zuwa Mile 2 a 2023. A dā nan ne fuskar gari. Kamfanonin Turawa sun jeru, kowanne da gadar lodinsa. Ta irin waɗannan gadoji ne goron Gwanja ya fara sauka daga jirgin ruwa, bayan fatake irin su Alhassan Ɗantata sun gane cewa ɗauko shi daga Ankara ta teku ya fi watannin da ayarin jakuna ke yi a hanya.

A Marina da titin Broad ne za ka yi ta cin karo da sunan Glover, kuma a nan ya kamata Bahaushe ya ja birki sosai. John Hawley Glover hafsan sojan ruwa ne da ya riƙe mulkin Legas daga 1863 zuwa 1872. Ba shi da isassun sojoji, gari kuma cike yake da bayin da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa, da yawansu 'yan Arewa. Daga cikinsu ya ɗebi 'yan kaɗan a 1863, tarihin rundunar sojan Nijeriya ya ce mutum 18 ne, ya ba su bindiga da kaki, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Ba dukansu ne Hausawa na jini ba, duk wanda ya fito daga sama yana jin Hausa haka Bature ke rubuta shi. Suka ƙaru suka zama ɗaruruwa, har Glover ya tafi da su yaƙin Asante a 1873. Rundunar sojan Nijeriya daga wannan ɗan gungu take ƙirga asalinta, shi ya sa take bikin ranarta tana lissafi daga 1863, kuma Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki.

Abin alfahari ne ko abin kunya? Ina ganin duka biyun ne, kuma ba a raba su. Mutanen nan bayi ne da 'yan'uwansu suka sayar, suka sami 'yanci da albashi a ƙarƙashin tutar baƙo. Salon da Glover ya fara, na ɗaukar mai jin Hausa a ba shi bindiga, shi aka bi har aka tara rundunar da ta fasa ganuwar Kano ta kuma ci Sakkwato a 1903. Hafsoshin farare ne, amma yatsun da suka ja kunamar bindiga baƙaƙe ne. Wanda ya sayar da ɗan'uwansa bai san ta ƙofar da zai dawo ba.

Babban cocin Angalika na Marina, mai launin toka da tagogi masu tsini, Yariman Wales ne ya aza harsashin gininsa na yanzu a 1925, aka gama a 1946. Ana tuna Bishop Samuel Ajayi Crowther a nan, shi ma yaro ne da aka kama aka loda a jirgin bayi a wannan gari, aka 'yanto shi, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe muƙamin bishop a cocin a 1864. Da yake Lahadi ce, za ka tarar da masu ibada cikin leshi da gwaggwaro, sai ka sauka ka tura keken har ka wuce.

A titin Broad akwai wata doguwar katanga ta jan bulo. Gidan yarin Turawa ne na dā. Herbert Macaulay, jikan Crowther, ya kwana a ciki, haka shugaban ƙwadago Michael Imoudu, haka Obafemi Awolowo bayan an sami 'yanci, abin da ke nuna kurkuku ba ya tambayar launin mai mulki. Macaulay dai a Kano ciwon ajali ya kama shi a 1946, yana rangadin siyasa, aka dawo da shi Legas ya cika. An rushe gidan yarin a 1979, wurin ya zama juji shekara da shekaru, sai a 2010 aka mai da shi lambun shaƙatawa mai suna Freedom Park, bisa tsarin magini Theo Lawson. An sake gina jerin ɗakunan fursuna daidai girmansu na dā. Shiga ɗaya ka miƙa hannuwanka, za ka taɓa bango biyu. A wurin da ake rataye mutane yanzu dandamalin makaɗa ne. Wannan shi ne abin da ya kamata a yi wa Ilojo Bar, kuma ya nuna ba iyawa ce ta gagara ba.

Ƙofar Dandalin Tafawa Balewa ba ta ɓacewa kowa: fararen dawakai huɗu sun yi tsaye da ƙafafun baya, jajayen gaggafa a samansu. Filin sukuwa ne tun zamanin Dosunmu. A nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore da tsakar daren 1 ga Oktoba 1960, Gimbiya Alexandra tana wakiltar Sarauniya. Gwamnatin Gowon ce ta zuba masa kankare a 1972 ta mai da shi filin fareti. Kewayensa tarihi ne zalla: King's College da aka kafa a 1909, tsohuwar majalisar tarayya, da benen Independence House mai hawa 25 wanda gobara ta ci a 1993, har yau bai koma yadda yake ba. Gidan Firayim Minista yana nan kusa, a Onikan. Daga can sojoji suka ɗauke Abubakar Tafawa Balewa da asubar 15 ga Janairu 1966. Tsakanin inda ya karɓi 'yancin ƙasa da inda aka fito da shi, a keke, bai kai tafiyar minti biyar ba.

A Onikan ɗin ne Gidan Tarihi na Ƙasa yake, wanda Kenneth Murray ya kafa a 1957. Akwai kawunan yumɓu na Nok, akwai tagullar Benin da Ife. Amma yawancin 'yan Arewa da suka shiga, wuri ɗaya suke nufa: baƙar Marsandi ta Janar Murtala Ramat Muhammed. Tana nan a ɗaki, ramukan harsashi a jikinta, kujerar baya kamar yanzu aka fita daga ciki. Ba mota ce mai sulke ba, babu jiniya, babu jerin gwano. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 tana tsaye cikin cunkoso kusa da sakatariyar tarayya a Ikoyi, kan hanyar zuwa barikin Dodan, mutanen Laftanar Kanar Dimka suka buɗe mata wuta. Kwana goma kafin nan Murtala ya sanar da cewa za a mai da babban birni Abuja, ƙaurar da ba ta tabbata ba sai 12 ga Disamba 1991.

Yanzu rana ta ɗaga, ciki ya fara kira, Obalende kuwa na gabanka. Nan za ka ji Hausa ta ko'ina, wurin mai shayi, wurin mai tsire, wurin mai facin da zai ƙara wa tayarka iska. Zaman Hausawa a nan ba na jiya ba ne, unguwar ta taso ne a matsayin mazaunin sojojin mulkin mallaka da iyalansu. Titin da ya nufi barikin Dodan sunan Muhammadu Ribaɗu yake ɗauke da shi, kuma ba a banza ba: shi ne Ministan Harkokin Legas kafin ya koma tsaro, bayansa Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, ya riƙe kujerar har 1966. Wato shekaru da dama ɗan Adamawa da Bakatsine ne ke sa hannu a kan filaye da tsarin wannan birni. Matashin da ake yi wa gorin baƙunta a bakin titi ya kamata ya san wannan.

Ƙarƙashin gadojin Obalende akwai wata kwata mai baƙin ruwa. Ragowar magudanar da aka haƙa ce zamanin Gwamna William MacGregor, likitan da ya yaƙi zazzaɓin cizon sauro da busar da fadamu a farkon ƙarni na 20. Ita ta yanke Ikoyi daga sauran tsibirin, daga baya kuma Ikoyi ta zama unguwar Turawa zalla. Da ka tsallaka za ka ji bambanci a cinyarka: titi ya faɗaɗa, inuwa ta yawaita, sunaye suka koma Bourdillon da Lugard da Cameron. Nan da gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, su ne matattarar masu kekunan tsere da hular kwano da matsattsun kaya. Su motsa jiki ya fito da su, ba su cika tsayawa ba.

In da sauran ƙarfi, haye gadar Falomo ka bi titin Ahmadu Bello har inda Bar Beach take a dā. Yashi ne ya daɗe yana toshe bakin tashar Legas, manyan jirage sai su tsaya can cikin teku a yi ta jigila da ƙanana. Daga 1908 Turawa suka fara jera dogayen katangun duwatsu a bakin mashigar, zuwa 1914 manyan jirage suka fara shigowa. Ciniki ya bunƙasa, amma katangun sun tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma. Gefen yamma ya yi ta tara rairayi, gefen gabas teku ya yi ta cinyewa, har ruwa ya riƙa haurowa kan titi yana shiga ofisoshi. A wannan gaɓa aka riƙa ɗaure 'yan fashi a jikin durom ana harbewa a gaban dubban 'yan kallo, irin su Ishola Oyenusi a 1971. Yau babu ita. An zuƙo yashi daga ƙasan teku an cike wurin, an kewaye da katangar duwatsu, ana gina sabon birni na masu hali mai suna Eko Atlantic. Can gaba kaɗan kuma Maroko ce, unguwar talakawa da gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta baje a Yuli 1990, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni. Ba allo, ba alama, sai manyan gidaje.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka Legas aljannar masu keke ce. Titunan tsohon garin ba su da layin keke, direban danfo ba ya ganin abin da bai kai girman motarsa ba, murfin kwata da yawa an sace. Ministan sufuri Ojo Maduekwe, da ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma keke a 2001, mota ce ta ture shi cikin rami, a Abuja ma, inda tituna ke da faɗi. Gadar Third Mainland mai kilomita 11.8 ba wurin keke ba ce ko da wasa. Tun Yuni 2022 an hana acaɓa a ƙananan hukumomin da suka haɗa da tsibirin da Ikoyi da Victoria Island, matakin da ya raba dubban matasanmu da abincinsu, amma ba a samar wa mai ƙafa biyu mara inji wata hanya ba. Don haka a fita tun da duku-duku, a fita mutum uku ko huɗu, a riƙe ruwa da famfo da kayan faci, a nemi izini kafin a ɗauki hoton fada ko masallaci ko bariki. Lokacin damina kuma, musamman Yuni da Yuli, ruwa na iya shanye titi cikin sa'a guda.

Kira na ga shugabannin al'ummar Hausawa na Agege da Idi-Araba da Obalende, da ƙungiyoyin ɗalibanmu da ke jami'o'in Legas, shi ne su riƙa shirya wa matasa irin wannan zagaye ko da sau ɗaya a wata, su kuma zauna da dattawan unguwannin su rubuta abin da suka sani tun suna raye. Masallacin Shitta-Bey da Water House da hasumiyar Oshodi suna nan tsaye a yau. Ilojo Bar ma yana tsaye har ranar Asabar 10 ga Satumba 2016.